Tsirkiya Biyar a Gure

Abin da ya kai ni Gure bai wuce kamu ɗaya da rabi ba a tsawo. Ɗan ƙaramin biram ne, na saye shi a Yamai wajen wani masassaƙi mai yi wa baƙi kayan tsaraba, 'yan watanni bayan rasuwar Malam Maman Barka. Jikinsa itace ne da aka fafe kamar kwalekwale, aka rufe bakin da fatar akuya, aka dasa masa lanƙwasasshen wuya mai turaku biyar. In ka zauna ka ɗora shi a cinya, daram yake zama. Na kawo shi gida Damagaram na rataye a bango, ya yi shekaru yana shan ƙura, tsirkiyoyin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har saura biyu, su ma sun saki kamar igiyar shanya. Ran nan autata ta nuna shi ta ce, "Baba, wannan abin yana kuka kuwa?" Na ce yana yi. Ta ce to in sa shi ya yi ta ji. Na sauko da shi na taɓa, bai ce uffan ba. Tambayar yarinyar nan ita ta hana ni sakat.

Wanda ya tashi a gabashin Nijar ba sai an gaya masa ko wane ne Malam Maman Barka ba. Ɗan Tubawa ne, haifaffen Tasker, can arewa maso gabas da Gure. Malamin makaranta ne kafin gurumi ya fitar da sunansa, shi ya sa "Malam" ɗin ya bi shi har kabari. Gurumi tsirkiya biyu gare shi, kuma da biyun nan ya cika gidajen rediyo da kaset-kaset, yana waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci. Amma aikin da ya fi girma a idona shi ne wanda ya yi daga 2002, lokacin da ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ganin shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Biram kayan kiɗan Buduma ne, masuntan tsibiran tafkin masu kiran kansu Yedina, masu shanun nan na Kuri da manyan ƙahonni. Tsirkiya biyar gare shi, siffarsa ta jirgin ruwa, kuma a wurinsu abu ne mai alfarma, ba na wasan yara ba. Bukar Tar ya koya wa baƙon nan nasa, ya mallaka masa biram ɗinsa, daga baya ya riga mu gidan gaskiya. Barka ya ɗauki kayan ya kai shi har bikin WOMAD a Ingila a 2008, faifansa ya fito a 2009 tare da makaɗin ganga Umaru Adamu. Ranar 21 ga Nuwamba 2018 shi ma ya rasu a Yamai. Allah ya jiƙansu duka.

Da so samu ne, bakin tafkin zan nufa kai tsaye. Amma tun 2015, da aka kai hari Bosso da Difa aka kwashe mutanen tsibirai, yankin ya daina zama wurin da mutum zai saɓa jaka ya tafi neman makaɗi. Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana koyarwa a Gure, shi ya ce mini ta waya, "Ka zo nan. Ƙasar Barka ce, kuma na san wani tsoho mai gurumi. In bai san biram ba, ai ya san tsirkiya." Na ce to.

Kafin in tashi na shiga Kasuwar Dole na sayi zaren fatsa, irin na roba mai sheƙi da masunta ke amfani da shi, ƙulli guda. Na naɗe biram ɗin a tsohon zane, na sa a buhu, na kama motar Difa da sassafe. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe kai da rawani. Ɗan kamasho ya so ya jefa buhun a saman mota tare da sauran kaya, na roƙe shi ya bar mini shi a cinya, ya bar mini.

Daga Damagaram zuwa Gure kilomita 160 ne da 'yan kai, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Mirya na nan kusa, da lambunanta da manyan itatuwanta, kafin ka gyara zama ka wuce ta. Bayan nan sai gonakin gero da aka riga aka girbe, karare a tsaye, awaki na kiwo a tsakaninsu. A Gidimuni ido ke samun hutu: tafki a kwance cikin kwari, dabino da goruba sun kewaye shi, 'yan mata suna bin tagogin mota da rake da dabino a faranti. Daga Gidigir kuwa ƙasar ta sake fuska. Yashi ya fara rinjayar laka, tuddai farare suna tasowa hagu da dama, wani wurin har sun lasa bakin kwalta. A wani shinge jandarma ya nuna buhun ya ce mene ne. Na kwance masa. Ya juya abin a hannu, ya ce, "Wannan ba irin na Malam Barka ba ne?" Na ce ƙaninsa ne. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Saurayi ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba, kuma ya gane shi. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Mun shiga Gure bayan azahar. Gari ne da ya zauna tsakanin duwatsu da rairayi, tsaunukan Kutus na arewa da shi, na Muniyo na kudu. A nan Hausa ke haɗuwa da Barbarcin Manga, ga Tubawa, ga Fulani, ga Buzaye, ga Larabawa masu raƙuma, kowa na cin kasuwa da harshen da ya samu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya yada zango a nan a watan Disamba na 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, lokacin Gure ce fadar sarkin Muniyo a ƙarƙashin Barno. Abokin nan nawa, mai masaukina, ya tarbe ni a tasha, ya ɗora ni a babur, muka yi ta nutsewa cikin yashin lunguna har gidansa. Da la'asar ya kai ni wani kwari a bayan gari in ga abin da mutanen garin suke fama da shi. A ƙasa ga dabino, ga rogo, ga albasa shar, ruwa na kusa har rijiyar ba ta kai gaba biyu ba. A sama kuwa tudun yashi ya leƙo kamar zai faɗo musu. Mutanen wurin sun kakkafa shingen ƙirare a jikin tudun, gida-gida kamar zanen dara, don su tsayar da shi. Wata gorubar ma yashi ya riga ya ci ta har wuya.

Washegari da hantsi muka je wurin tsohon. Gidansa na gefen gari, zauren kara ne da tabarmar kaba. Mutum ne siriri, dogo, idonsa ɗaya ya yi fari. Mai masaukina ya yi masa gaisuwar Barebari mai tsawo, ni kuma na durƙusa na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Hausa mai karyayyen harshe irin ta gabas. Guruminsa na jingine a kusurwa: ƙoƙon duma, fata ta yi baƙi don shan hannu, sanda miƙaƙƙiya, tsirkiya biyu a kan ɗan jaki. Na kwance zane na ajiye nawa a gabansa.

Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya ce, "Na taɓa ganin babbansa sau ɗaya, ina saurayi, lokacin da muke kai kanwa gabas. Wancan in an jingine shi ya kai ƙirjin mutum." Sa'an nan ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa jikin da farce, ya kara a kunne, ya danna fatar da babban yatsa. Ya ce, "Itacen na da kyau. Fatar ma ba laifi. Amma wanda ya yi shi don ido ya yi, ba don kunne ba." Na ce yaya aka yi ya sani. Ya nuna mini guntayen tsirkiyoyin da suka rage a turaku. Duka biyar kaurinsu ɗaya. Na zaro zaren da na sayo a Dole da murnata, shi ma ashe kauri ɗaya ne. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, uwa da 'ya ba su sa zane ɗaya. Doguwar nan tana son kauri, gajeruwar tana son siranta."

A nan ya fara buɗe mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da abin ya yi a bangona. Ya ɗauko guruminsa ya ajiye kusa da biram ɗin. A gurumi, da garaya, da molo, da kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, tsirkiya kwanciya take yi a bisa fata, jaki ya ɗaga ta, ta bi jikin sanda. Makaɗi na danna ta da yatsa ya rage mata tsawo, sai tsirkiya ɗaya ta ba shi murya uku ko huɗu. In ta ɗan kauce ma, yatsa na iya gyarawa ana cikin kiɗa, ba wanda zai ji. Biram ba shi da jaki. Tsirkiyarsa daga cikin fatar take tasowa ta miƙe sama zuwa wuya, tana tsaye a iska, ba inda za ka danna ta. Kowace ɗaya murya ɗaya gare ta, wadda ka ɗaura mata tun farko. "Shi wannan," in ji tsohon, "in ka yi kuskure wajen ɗauri, ka gama yin kuskure. Hannu ba ya ceton ka."

Ya aiki jikansa ya karɓo wani zaren mai siranta wajen wani maɗinkin takalma, ya sa aka kawo garwashi a kasko, da basilla, da reza, da guntun alli. Ya fara da warware tsofaffin. A tsakiyar fatar akwai wani siririn itace da aka soka ta ciki ya fito ta waje, kamar yadda ake soka allura a tufa, da huda biyar a jikinsa. Shi yake kira ƙashin baya. Ya bi hudojin da basilla ya share ƙura, ya zare turakun ɗaya-ɗaya ya jera su a tabarma yadda suke a wuya, ya ce kada in kuskura in cakuɗa su, kowane turke da raminsa.

Doguwar ya fara yi wa aiki. Tun da ba mu da zare mai kauri, sai ya yanko biyu daidai wa daida, ya ƙulla bakinsu, ya maƙala a babban yatsan ƙafarsa, ya riƙa murza su a tafin hannu kamar mai tufka igiya, yana tofa ɗan yawu, har suka zama ɗaya, murɗaɗɗiya, ba inda ta yi ƙulu. Ya ɗauki lokaci a kan wannan. Sau biyu yana warwarewa ya sake, don ya ce murɗin ya fi tsauri a gefe guda, kuma tsirkiyar da murɗinta bai daidaita ba muryarta rawa take yi. Da ta yi masa, ya zura bakin a hudar ƙashin baya, ya ƙulla shi a jikin wani ɗan tsinke da bai kai gaɓar yatsa ba don kada ya zame, sa'an nan ya kusanta ragowar bakin ga garwashi. Robar ta narke ta dunƙule kamar ƙwayar gero. Ya danne ta da farce tun tana da zafi. Ya ce, "Ƙullin roba maƙaryaci ne, da daddare yake kwance kansa. Sai ka yi masa kai."

Ɗaya bakin ya kai wuya. Ya goga wa turken alli, ya mayar da shi raminsa, ya zura zaren a hudarsa, ya naɗa sau uku, kowane naɗi a ƙarƙashin na farko, na ƙarshen ya danne bakin zaren. Bai ja ta da ƙarfi ba, ya dai ɗauke mata sanyin jiki ya bar ta. Ta biyu ma murɗawa ya yi, amma da siririn zare biyu. Ta uku da ta huɗu ya sa nawa na Dole falle ɗaya, ta biyar, gajeruwar, ya sa na maɗinkin takalma. Ta huɗun ya miƙo mini ya ce in ɗaura da kaina. Na ƙulla, na ƙona, na naɗa. Ya duba ya ce naɗina ya hau kan juna, in sake. Na sake har sau uku kafin ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne yabonsa.

Ni a zatona daga nan sai kiɗa. Ya ɗan murɗa kowane turke kaɗan, ya bi tsirkiyoyin da yatsa yana jan su gefe a hankali kamar mai tatsar akuya, ya sake murɗawa, ya jingine abin a bango. Ya ce, "Ku tafi. Ba su kwana ba tukuna." Sabuwar roba miƙewa take yi. In ka kai ta inda kake so yanzu, kafin ka sha shayi ta sauka, in kuma ka matsa mata lokaci ɗaya ta tsinke ko ta tsaga fatar. Sai an bar ta ta kwana da ɗauri, ta saba.

Daren nan a gidan mai masaukina muka ci tuwon gero da miyar kuka, muka zauna gaban shayi, ni dai hankalina na kan zaren fatsa. Da can masu goge da izgar doki suke yin tsirkiya, har yau ma haka ne. Masu kora na ƙasar Mande, a Gambiya da Senegal da Mali, da fata suke murɗa tsirkiyoyinsu 21, sai a ƙarnin da ya wuce suka koma zaren masunta, kuma kiɗan bai mutu ba, ƙara kaifi ma ya yi. Matan Muritaniya na da nasu irin kayan kiɗan, ardin. A Yuganda akwai adungu. A bangon kaburburan Misira ta dā akwai zanen masu kaɗa irin wannan lanƙwasasshen abu shekaru fiye da 4,000 da suka wuce. Dangi ne babba, kuma biram shi ne ɗansu a ƙasarmu. Itace da fata da zare ba su taɓa yin wuya ba, ko yau ka biya masassaƙi zai fafe maka. Abin da na ga yana ƙarewa shi ne kunnen da ya san inda kowace tsirkiya za ta tsaya.

Da safe mun tarar da biyar ɗin sun saki, kamar yadda ya faɗa. Sanyin asuba ya sa fatar ta yi laushi. Ya juya ta ga garwashi daga nesa, yana shafa ta da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa, har amonta ya tashi daga "dum" ya koma "tan". Sa'an nan ya dube ni da idonsa mai gani ya ce, "Zan gaya maka gaskiya. Ɗauri na iya. Amma muryar biram ba tawa ba ce, ban gaje ta ba. In na saita maka shi da kaina, gurumi mai tsirkiya biyar zan ba ka." Maganar nan ta ƙara masa girma a wurina. Da wani ne, da ya murɗa yadda ya ga dama ya karɓi kuɗinsa, ni kuwa ba zan taɓa ganewa ba.

Na ce, "Baba, ina da muryar Malam Barka a waya." Ya ce in sa. Na kunna wani kiɗa daga faifan 2009, inda biram ke farawa shi kaɗai kafin ganga ta shigo. Ya karɓi wayar ya manna a kunne, ya rufe ido. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Mun yi haka ya fi sau goma, a kan ɗan guntun da bai kai rabin minti ba. Yaran gidan da suka taru a bakin zaure ya ɗaga musu hannu, suka yi tsit. Can sai na ji yana gunji a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, yana bin murya ɗaya kawai cikin kiɗan, wadda sauran ke komawa gare ta. Ya ce, "Ga uwar." Ya riƙe ta a maƙoshi, ya kai hannu ga turken doguwar, yana murɗawa yana taɓawa. Biram ɗin nawa ƙarami ne, ba zai iya sauka inda babban yake ba, tsirkiyar sai ta yi lakwaf. Sai ya ɗaga muryar tasa sama, murya ɗaya ce amma siririya, kamar yadda yaro ke bin babba a waƙa, ya kai doguwar can.

Daga uwar ya nemo sauran. Ba ya taɓa tsirkiya ita kaɗai, kullum biyu-biyu yake taɓawa, ya saurari tsakaninsu. Ya sa ni kusa ya ce in kasa kunne. In biyu sun kusa daidaita amma ba su kai ba, akwai wata rawa da ke tashi a cikin amon, wau-wau-wau, kamar suna faɗa. Yana murɗa turke da ƙyar, abin da bai kai kaurin gashi ba, sai rawar ta riƙa yin sanyi, tana ja, tana ja, har ta kwanta. Ya ce, "Ka ji? Sun shirya." Na ji kuwa. Tsikar jikina ta tashi, don ban taɓa sanin kunnena na iya jin wannan ba.

Wahalar ita ce biyar ɗin duk a jikin ƙashin baya ɗaya suke, a kan fata ɗaya, suna jan wuya ɗaya. Da ya matsa ta biyar, sai uwar ta sauka. Da ya mayar da uwar, ta uku ta kauce. Haka ya yi ta zagayawa, daga doguwa zuwa gajeruwa, ya dawo, ya koma, kowane zagaye gyaran na raguwa. Turke na uku ya yi ta zamewa, ya zare shi ya ƙara alli, ya tura shi ciki yana murɗawa. Ya kuma koya mini wani abu: in tsirkiya ta wuce inda ake so, kada a sauko da ita kai tsaye. A sassauta ta ƙasa da wurin, a sake hawa da ita a hankali, a tsaya. Wadda aka tsayar tana hawa ita ke riƙewa.

Ina da wata manhaja a waya ta saita kayan kiɗa, mai allura da ke nuna ko murya ta hau ko ta sauka. Na buɗe ta na kara a jikin biram ɗin. Uwar da ta huɗu allurar ta kusa tsakiya, amma a ta biyu da ta uku ta karkace. Na nuna masa. Ya ce mene ne take cewa. Na ce tana cewa biyun nan ba su zauna daidai ba. Ya ce in sake sa Malam Barka. Na sa, ya taɓa biram ɗin tare da kiɗan, suka tafi tare ba faɗa. Ya ce, "To da wa za ka yarda?" Na kashe manhajar. Ita an gina ta ne a kan ma'aunin piyanon Turawa, mai matakai 12 daidai wa daida, da murya guda da aka tsayar a kan girgiza 440 cikin daƙiƙa. Ma'auni ne mai kyau ga kiɗan da aka yi shi dominsa. Amma ina ganin haɗari ne babba samarinmu su riƙa saita gurumi da molo da shi, don a hankali za su goge ɗan karkacen nan da ya sa kiɗanmu ya zama namu, su ɗauka gyara suka yi.

Wajen azahar ya gama. Ya ɗora shi a cinya ya kaɗa, ba kiɗan Buduma ba, ya ce ba zai yi ƙaryar abin da bai sani ba. Wani taken guruminsa ya lalubo a kan tsirkiya biyar ɗin. Muryar ƙarama ce, ba ta wuce zauren ba, amma tana da zaƙi, kuma doguwar nan da ya murɗa da yatsan ƙafa tana da wani gunji mai taushi da ke daɗewa a cikin itacen. Wata tsohuwa ta leƙo daga cikin gida ta tsaya riƙe da muciya.

Na tambaye shi wa ya koya wa gurumi cikin 'ya'yansa. Ya ce babu. Babban ya tafi haƙar zinariya Jado tun da aka gano ta a 2014, ɗaya na kabu-kabu a Damagaram, su kuma ba sa son a ce musu 'ya'yan maroƙi. Bai faɗa da ɗaci ba. Ya nuna jikan nan da ya aika karɓo zare, yaro ɗan shekara goma wanda tun jiya bai matsa daga bakin tabarma ba, ya ce, "Wannan yana da kunne. Ɗazu kafin in ce sun shirya, na ga ya ɗaga kai." Na ce to a koya masa mana. Ya ce sai uban ya yarda.

Wannan magana ta dame ni a hanya, har yanzu tana damuna. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan, kuma aikin kirki ne. Faifan Barka ma yana nan, albarkacinsa muka samo uwar tsirkiya a zauren kara a Gure. Amma faifai kiɗan da aka gama saitawa yake riƙewa. Ba ya nuna maka murɗin zare a yatsan ƙafa, ko allin turke, ko kwanan da sabuwar tsirkiya ke yi, ko yadda ake jin faɗan murya biyu har su shirya. Masu ɗaukar makaɗa a waya da kyamara kullum sai an gama ɗauri suke kunnawa, sashen da ya fi saurin ɓacewa shi suke bari a baya. Ni kaina sai da muka yi nisa ranar farko na tuna ban ɗauki komai ba.

Da zan tafi na ajiye masa abin goro a gefen tabarma. Ya ƙirga, ya mayar mini da rabi, ya ce kuɗin ɗauri ya ɗauka, na muryar kuwa na Malam Barka ne da malaminsa, in yi musu sadaka da shi. Ya ba ni ragowar allin, ya ce kada in rataye shi a bangon da rana ke duka, in damina ta zo fatar za ta saki, in nuna mata wuta daga nesa. Jikan ya rako mu har bakin hanya yana riƙe da buhun.

Girgizar mota da zafin rana sun sauke tsirkiya uku kafin mu kai Mirya. A gida na zauna bayan sallar isha'i, na sa kiɗan a kunne, na nemo uwar, na bi sauran biyu-biyu. Ya ɗauke ni fiye da awa guda, kuma ta uku ba ta zauna sosai ba sai washegari. Autata ta zo ta zauna, na ɗora mata shi a cinya, ta taɓa doguwar, ta ji gunjin a cikinta, ta ɗago ta dube ni. Yanzu kullum da yamma ita ke ɗauko shi.

Mai karatu, in akwai tsoho mai gurumi ko garaya ko molo ko goge a garinku, ka je wurinsa tun yana da ƙarfin hannu. Kada ka jira ranar biki. Ka je ranar da tsirkiyarsa ta tsinke, ka kunna wayarka tun daga ƙullin farko, kuma ka tafi da yaro.